Wa Ke Kula da Tsigi?

Gidan da Maman Tsigi take aiki gidan taro ne mai hawa biyu. A sama akwai babban zaure da ake ba masu taro haya. A ƙasa akwai ofishin Manaja da kicin, sai wani ɗan sito a ƙarƙashin matakala inda ake jibge karyayyun kujeru da tsofaffin labule. Aikinta ta hau da shayi, ta sauko da kofuna, ta wanke, ta goge tebura. A gidan babu mai ce mata Maman Tsigi. 'Yar shayi suke kiran ta, don ban da Inna mai girki babu wanda ya san tana da 'ya, balle ya san 'yar tana wuni a cikin siton nan kullum.

Tsigi ba ta cika shekara biyu ba. Ubanta ya tafi neman aiki tun tana jaririya, daga baya wayarsa ta daina shiga. Kakarta kuwa ba ta ma gan ta ba, ta rasu tun ana da cikinta. Da farko Maman Tsigi takan bar ta wurin wata maƙwabciya mai karɓar 'ya'yan mutane, ɗaki guda cike da yara, har ranar da ta dawo ta tarar dutsen guga ya saɓule wa yarinyar fatar damtse. Matar ta ce, "To ni ido nawa gare ni?" Maman Tsigi ta faɗa mata magana ɗaya mai zafi, wadda ba ta taɓa faɗa wa kowa irinta ba, ta ɗauki 'yarta. Tun daga ranar ba ta sake barin ta wurin kowa ba.

Takan zo da sassafe, ta shigo ta ƙofar baya da goyonta a ƙarƙashin babban mayafi. A cikin siton akwai kwalin da aka sayo firji a ciki. Ta kwantar da shi, ta shimfiɗa labule biyu, ya zama gado. Sai ta ɗaure ƙugun yarinyar da wani tsohon ɗankwali, ta ɗaure ɗaya bakin a ƙafar tebur, da ɗan tsawo yadda za ta iya tashi ta yi wasa amma ba za ta kai ƙofa ba. Injin wuta yana bayan bangon, ƙararsa na rufe kuka. Duk hawa da saukar da za ta yi da tire sai ta tura ƙofar ta leƙa. Wani lokaci ta tarar tana barci, wani lokaci tana jera murafen kwalba. In ta ga uwarta sai ta washe haƙoranta ƙanana, uwar ta sa yatsa a baki, ita ma ta sa.

Manaja yana da doka, ba a zuwa masa aiki da yaro. An ce ya taɓa korar mai shara a kan haka.

"Wata rana sai kin ja mana, ke da wannan 'yar tsakon taki," in ji Inna mai girki. Kullum sai ta faɗa, kuma kullum sai ta ajiye mata gutsuren burodi a cikin madara.

A wani mako masu bincike ne suka kama zauren, suna taron bita. Maza da mata ne, kowa da kwamfutarsa, wasu daga jami'a wasu daga ofisoshi. Mai koya musu wani dattijo ne mai saurin magana da fara'a, suna ce masa Dakta. Daga abin da Maman Tsigi take tsinta in tana zuba shayi, ta gane cewa an bi gidaje masu yawan gaske an yi wa iyaye mata tambayoyi a kan talauci da rainon yara: me ake ci, mutum nawa ke kwana a ɗaki, wa ke kula da yaro in uwa ta tafi nema. An mayar da amsoshin lambobi. Su kuma an tara su ne a koya musu yadda za su karanta lambobin su rubuta rahoto.

Majigi yana haska lambobin a bango, layi bayan layi. Dakta ya ce kowane layi gida guda ne. Ta tsaya da filas a hannu tana kallo. Ba ta ga abin da ya yi kama da gida ba.

Akwai wani dogon saurayi a cikinsu, baki gare shi, kowa Dogo yake ce masa. Shi ya ɗaga hannu ran nan.

"Dakta, ni fa na ga abin mamaki. Ga gidaje nan rututu an sa musu lamba biyu, wato kaka ke raino. Na duba jerin mutanen gidan, babu kaka. Na duba wani wurin, an ce ma ta rasu."

"Kuskuren masu ɗaukar bayani ne," in ji Dakta. "Rana ta dake su, hannu ya zame. Irin wannan shi muke cewa datti a cikin bayanai. Za mu koyi yadda ake tace shi."

"Ko dai fatalwar kaka ce ke tashi ta yi raino ta koma?"

Aka kwashe da dariya. Dakta ma ya dara, sannan ya ajiye abin nuninsa.

"Matsalarku ke nan. Kun saba ganin lamba a kwamfuta, ba ku taɓa ganin yadda ake haihuwarta ba. Ku kawo kujeru biyu nan gaba."

Haka yake yi a duk bitar da ya koyar. Yakan zaunar da mutum biyu, ɗaya ya yi tambaya, ɗaya ya zama uwa a cikin gida ya ƙirƙiri amsa. Duk wanda ke zauren ya san wasa ne. Wata mata mai farin tabarau ta tashi ta ce ita za ta yi tambayar. Amma kujerar amsa babu mai so, matan suka ce Dogo zai mayar da su abin tsokana har a gama bita. Dakta ya waiwaya, idonsa ya sauka a kan Maman Tsigi tana tattara cokula.

"Yauwa! Ga ma wadda ta fi ku dacewa. Baiwar Allah, ajiye tiren nan ki zo."

Ta kalli bayan zauren. Manaja yana tsaye a can, ya hawo duba na'urar sanyaya ɗaki da aka yi ƙorafi a kanta. Ya yi mata nuni da haɓa, wato ta je. Ta goge hannunta a zani ta je ta zauna a bakin kujerar. Wani ya miƙo makirufo ya riƙe mata a saitin baki.

Mai tabarau ta yi mata murmushi. "Kada ki ji tsoro, ƙanwata. Zan fara karanta miki abin da ake karanta wa kowa." Ta ɗaga takarda ta karanta a tsanake, muryarta na fita ta lasifika ta cika zauren. "Duk abin da za ki faɗa mana sirri ne. Babu wanda zai ji shi. Ba zai jawo miki wata matsala ba, ko a gida ko a wurin aiki. Muna roƙon ki faɗa mana gaskiya, domin da gaskiyarki za a taimaki iyaye mata irinki. Kin yarda?"

Ba a taɓa karanta mata takarda irin wannan ba. Ta kalli Dakta, ya gyaɗa mata kai. Ta ga takardar tana da tambari a samanta. Ta ce a ranta, manyan mutane ne suka rubuta, sun ce ba matsala a wurin aiki, ga Manaja kuma ya ji da kunnensa bai musa ba.

"Na yarda."

"Ɗaga murya, 'yammata," in ji Dakta.

Aka tambaye ta shekarunta, ta faɗa. Aka tambaye ta inda ta tsaya a makaranta, ta ce firamare, ba ta gama ba. Ɗaki nawa? Ɗaya. Wani a gefe yana buga amsoshin, suna fitowa a bango, lamba bayan lamba, sabon layi a ƙasan sauran.

"Kina da yara?"

"Ɗaya."

"Mace ko namiji?"

"Mace."

"Madalla. In kina wurin aiki, wa ke kula da ita?"

Ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta.

"Kakarta?"

"Ta rasu."

"Allah ya ji ƙanta. Ubanta fa?"

"Ba ya nan."

"Maƙwabta? Gidan raino?"

"A'a."

Mai tabarau ta duba takardarta. "To saura ɗaya ke nan. Ita kaɗai kike bari a gida."

"A'a!" Muryarta ta fita da ƙarfi har lasifikar ta yi ƙara. "Wallahi ban taɓa ba."

"To yanzu, a wannan lokacin da muke magana, tana ina?"

"Tana ƙasa."

"Ƙasa ina?"

"A sito. Cikin kwali."

Zauren ya ɗauki dariya. Dogo har da tafi. "Kai! Ashe shiru-shirun nan fim take haɗawa a ciki. Dakta, a ba ta shaidar kammala bita!"

Mai tabarau ta danne dariyarta ta ci gaba. "Ba ta fitowa?"

"Ina ɗaure ta."

"Da me?"

"Da ɗankwali. A ƙafar tebur. Amma ba ya matse ta, ina sa yatsa biyu in gwada."

Dakta ya miƙe yana murza hannu, fuskarsa cike da jin daɗi. "Tsaya nan! Kun gani? Wannan shi ake kira amsar da ba ta da gurbi. Da na shirya da kaina ma ba zan samu irinta ba. To masu bincike, wace lamba za ku ba ta?"

Nan gardama ta kaure. Wani ya ce lamba ɗaya ce, uwa ke kula da ita, tunda rufi ɗaya ya haɗa su. Wata ta ce ina, uwar da ke sama tana rabon shayi ba ta kula da kowa, lamba shida ce, yaro shi kaɗai. Wani mai gemu ya ce a jefa ta cikin "wasu" a wuce wurin. Dakta ya ce wanda ya cika jefa amsa cikin "wasu" malalaci ne.

"A buɗe sabuwar lamba," in ji Dogo. "Lamba bakwai, ƙafar tebur ke raino."

Suna ta dariya, Dakta ya ce a ɗaga hannu a ƙirga. Maman Tsigi ba ta kallon hannuwan. Ƙofar bayan zauren take kallo, tana lilo a hankali. Manaja ba ya wurin.

Ta yunƙura za ta tashi. Mai tabarau ta dafa mata gwiwa.

"Ba mu gama ba, ƙanwata, saura shafin abinci. Jiya sau nawa kuka ci?"

Sai kuka ya taso daga ƙasa, ya biyo matakala, ya shigo ta ƙofar da aka bari a buɗe. Kuka ne na yaron da ya ga baƙuwar fuska. Hannuwan da ke sama suka sauko ɗaya bayan ɗaya.

Dakta ya cire tabaransa. "Au. Wai da gaske ne?"

Ta ture makirufon ta ruga. Ta tarar da ƙofar siton a wangale, Manaja a tsaye ya riƙe ƙugu, Tsigi ta ja ɗankwalin har ƙarshensa ta maƙale a bayan tebur tana ihu. Ta durƙusa tana kwance ƙullin, amma ya ƙi. Kafin ta gama, matakala ta cika da mutane. Suka taru a bakin ƙofa suna leƙe, na baya suna ɗage. Wayoyi suka fito. Hasken wata waya ya haska cikin kwalin, da murafen kwalba, da kofin madara.

"Allah sarki," in ji mai tabarau, tana share ido da gefen mayafi. "Dubi damtsenta."

"Kwana nawa muna sama ba mu taɓa jin kukanta ba," in ji mai gemu. "Ku bincika, maganin tari take ɗirka mata. Haka suke yi."

"Ba na ba ta komai," in ji Maman Tsigi. Ba wanda ya ji.

"Matsa kaɗan, 'yar shayi, kin tare kwalin," in ji wani mai ɗaukar hoto.

Dakta ya ratso ya tsaya a kanta. Ba faɗa yake yi ba, muryarsa a sanyaye take, kamar mai yi wa yaro bayani.

"Baiwar Allah, ai gwaji ne. Wasa ne. Ƙirƙira ake yi. Sai ki ce kakarta ko yayarki, a wuce. Wa ya ce ki faɗi gaskiya?"

Ta rungume Tsigi. "Takardar."

Dakta ya kalli mai tabarau, mai tabarau ta kalli ƙasa. Dogo ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Sai Dakta ya tafa hannu.

"To, a koma sama. Wannan ma darasi ne, kuma babba. Akwai abin rubutawa."

Da rana Manaja ya kira ta ofis. Ta tsaya a bakin ƙofa da goyo. Bai ce ta shigo ba.

"Wata nawa kina mayar da ni sakarai a gidan nan?"

"Ka yi haƙuri, Yallaɓai."

"Da wani abu ya faɗo mata a ka ta mutu, sunan wa za a kira? Naki? Wa ya san ki?" Ya juya biro a hannu. "Dakta ya roƙe ni kada in kore ki, wai kada a ce bitarsa ta raba wata da abincinta. Albarkacinsa kika ci. Amma ki ji da kyau. In na sake ganin ko takalmin yarinyar nan a harabar nan, ke da ita ku kama gabanku. Masu neman aikin wanke kofi sun fi kofunan yawa."

"Yallaɓai, takardar ta ce ba matsala a wurin aiki."

"Ni na rubuta ta?"

Kafin ta koma kicin, mai gadi ya fitar da kwalin ya tattake shi a bayan gida, an sa wa siton sabon kwaɗo. Inna mai girki ma an kira ta an yi mata nata wankin babban bargon. Ta dawo tana buga murfin tukunya.

"Wata da watanni ba a jin muryarki, in an gaishe ki ma da ka kike amsawa. Yau da Allah ya buɗe bakin sai a lasifika! Ke ba ki da hankali ne? Mutanen da ke dariya tun kafin ki zauna, su za ki kwance wa cikinki?"

"Sun ce sirri ne, Inna."

"Sirri a gaban mutum cike da zaure? Kai, Allah ya ba ki lafiya." Ta tura mata gutsuren burodi ba tare da ta kalle ta ba. "Ungo, ba ta. Daga yau kuma ban san ki da 'ya ba."

Da aka tashi, mai tabarau ta same ta a bakin ƙofar baya, ta shafa kan Tsigi, ta ce abin ya taɓa mata zuciya, za ta yi magana da wata ƙawarta da ta san wata ƙungiya. Ba ta karɓi lambar wayarta ba. Mota na jiran ta.

Da yamma Maman Tsigi ta sauke girman kai ta je wurin maƙwabciyar nan mai karɓar yara. Matar tana zaune a bakin ƙofa tana tsefe wa wata yarinya kai.

"A'a, wa nake gani? Uwar 'yar gwal! Ba ke kika ce ko kare ba za ki ba ni riƙo ba? To ban canja ba, ni ce dai. Je ki nemi mai ido goma."

Ta je gidan rainon da ke bakin babban titi, mai zanen tsuntsaye a bango. Matar da ke wurin ta faɗa mata sharuɗɗansu, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ta je ta yi shawara. Babu shawarar da za ta yi, abin ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Ta tambayi matar ɗakin da ke kallon nata, ita kuma ta ce tana fita tun kafin gari ya waye, nata yaran ma Allah ke riƙe mata su.

Washegari ta tashi ta gyara ɗakin. Ta fitar da risho ta kai bayan ƙofa ta waje. Ta ɗora wuƙa da ashana da sabulu a saman akwati, ta zubar da ruwan bokiti ta kife shi. Ta toshe ramin soket da tsumma. Ta ajiye burodi a faranti da ruwa a kofin roba, ta zube murafen kwalba a kan tabarma. Ta jira har Tsigi ta juya baya tana jera su. Sai ta zame ta fita, ta ja ƙofar, ta danna kwaɗo.

Ba ta kai ƙarshen barandar ba kukan ya fara. Ta ji ƙananan tafukan hannu suna dukan ƙofar daga ƙasa. Ta tsaya. Ta ɗaure makullin a bakin zaninta, ta cusa ƙullin a ciki, ta ci gaba da tafiya. Har ta fita titi tana jin sa, sai da wata babbar mota ta wuce.

A wurin aiki ƙafarta ba ta daina tsayawa a bakin siton ba. Duk saukowa sai ta ga hannunta ya kai ga ƙofar, ya taɓa sabon kwaɗon. Ta fasa kofi biyu a ranar.

Ranar rufe bita kowane rukuni ya gabatar da aikinsa. Rukunin su Dogo suka haska hoton kwalin a bango, babba, har ana ganin zanen labulen. Sun rufe fuskar Tsigi da baƙin layi. Dogo ya yi bayani babu wasa a muryarsa, ya ce wannan ya nuna akwai gibi a takardar tambayoyin, suna ba da shawarar a ƙara gurbi na iyayen da ke ɓoye yara a wurin aiki. Dakta ya ce a shekarun da ya yi yana koyarwa bai ga rukunin da ya kai su lura ba. Aka yi tafi sosai. Maman Tsigi tana bin bayan kujeru tana kwashe kofuna. Wasu suka waiwayo suka yi mata murmushi.

A ranar farko da ta dawo gida ta buɗe kwaɗon ɗakinta, ta tarar da Tsigi kwance a bayan ƙofa, sai da ta tura a hankali. Yarinyar ta ɓata jikinta, ta kifar da ruwan, burodin yana nan ba a taɓa ba. Ta buɗe baki za ta yi kuka, murya ba ta fito ba, ta dishe. Bayan 'yan kwanaki ta daina dukan ƙofar. Daga baya kukan ma ya ragu. In uwar ta dawo takan same ta zaune a lungu, ta dube ta, ta mayar da kai. Ta daina sa yatsa a baki in an sa mata.

Da wata ya kusa ƙarewa sabon rukuni suka zo, da sababbin kwamfutoci, Daktan dai shi ne. Lambobin nan suka sake hawa bango. A cikin waɗannan ma aka samu wata mai kaifin ido da ta gano gidajen da kaka ke raino alhali babu kaka, Dakta ya ce datti ne, za a tace. Da aka zo wurin kujeru biyu bai ma nemi mai sa kai ba.

"Ina 'yar shayin nan? Manaja, a ara mana ita. Ta yi mana amfani ƙwarai wancan karon."

Ta ajiye tire ta je ta zauna. Wani saurayi mai ƙaramar murya ne ke tambayar. Ya ɗaga takarda mai tambari ya karanta mata cewa duk abin da za ta faɗa sirri ne, babu wanda zai ji, ba zai jawo mata matsala ba a gida ko a wurin aiki. Ta ce ta yarda. Shekaru, makaranta, ɗaki ɗaya, 'ya ɗaya, mace.

"In kina wurin aiki, wa ke kula da ita?"

Ƙullin makullin yana tokare mata ciki. Ta ɗora hannu a kansa.

"Kakarta."

"Lamba biyu," in ji Dakta, lambar ta fito a bango. "Kun ga yadda amsa mai tsafta take. Ba gardama, ba ɓata lokaci." Da ta tashi za ta wuce ya rage murya, ya kashe mata ido. "Yanzu kin iya."

Bai tambaye ta komai ba bayan wannan. Ta ɗauki tirenta ta sauka.

Da safe tana cikin kife bokiti ta ji ana jan zaninta. Tsigi ce. Ta tono tsohon ɗankwalin nan daga cikin kayan wanki, ta naɗa shi a ƙugunta yadda ta iya, ya karkace, yana ja a ƙasa. Ta miƙo wa uwarta ɗaya bakin. Sannan ta taka ta je bakin ƙofa ta tsaya, tana jira.

Maman Tsigi ta warware ɗankwalin ta ɗora shi a saman akwati kusa da wuƙa, don kada ya shaƙe ta. Ta ɗauke ta ta mayar kan tabarma, ta tura mata murafen kwalba. Yarinyar ba ta kalle su ba, ita take kallo. Wannan karon ba ta juya baya ba, kuma rana ta fara ɗagawa, Manaja ba ya son latti. Ta fita a kan idonta, ta ja ƙofar, ta danna kwaɗo.